Kasuwar Littattafan da Ta Ɓace a Tsakiyar Landan

Da muka fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta St Paul's a birnin Landan, shagunan littattafai muka fara nema. Tun muna aji aka sha faɗa mana cewa a harabar wannan babbar majami'a ake sayar da wasannin Shakespeare lokacin da yake raye. Muka zaga ginin sau biyu cikin yayyafi. Ban da wuraren shan shayi da ofisoshi da baƙi masu ɗaukar hoto, ba mu ga komai ba. Sai muka samu benci muka zauna muna auna filin da ido.

Shekara 400 da suka wuce, nan ce zuciyar kasuwar littafi ta Ingila. Shaguna ba su da lamba, kowa da alamar da ya rataya a ƙofarsa. Mai neman shagon Edward Blount, misali, sai ya tambayi inda hoton baƙin beyar yake. Wasan kwaikwayo kuwa ɗan ƙaramin littafi ne marar bango, an ɗinke shi da zare. Sisi ne kuɗinsa, wato kwabo shida (ku tambayi kakanninku, sun san sisi), alhali da kwabo ɗaya mutum zai shiga gidan wasa na Globe a tsallaken kogi ya kalli wasan a tsaye. Manyan masana ba su ɗauki irin waɗannan littattafai da daraja ba. Thomas Bodley, wanda ya kafa shahararren ɗakin karatu na Oxford, bai ma so a cika masa kanta da su ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne littattafan koyon harshe da ake jerawa kusa da wasannin. Mu da muke shan wahalar Turanci saboda jarrabawa, ashe a zamanin nan Turawan Ingila ne ke fama da harsunan wasu, domin nasu ba ya kai su ko'ina da zarar sun ƙetare teku. Ɗan kasuwa sai ya iya Faransanci ko Italiyanci, ɗalibi kuma sai da Latin. Wani Bafaranshe ɗan gudun hijira, Claudius Hollyband, a cikin wannan harabar ya buɗe makaranta. Littattafansa cike suke da hira: Faransanci a gefe guda, Ingilishi a ɗaya gefen, ana tashin yaro daga barci, ana cin abinci, ana ciniki. In ka karanta da ƙarfi kai da abokinka, ai wasan kwaikwayo kuke yi. Shi ma Shakespeare ya sa irin wannan darasi a wasansa Henry V, inda gimbiyar Faransa ke koyon sunayen hannu da yatsu da wuya da Ingilishi, tana ta karya su.

John Florio, ɗan wani Ba'italiye, ya yi haka da Italiyanci a 1578, sannan ya fitar da ƙamus a 1598. Wa ya buga ƙamus ɗin? Blount mai baƙin beyar. Shi ne kuma, tare da masu ɗab'i William da Isaac Jaggard, ya fitar da babban kundin wasannin Shakespeare a 1623, shekara bakwai bayan rasuwar marubucin. Abokan wasansa biyu, John Heminges da Henry Condell, su suka tattara wasanni 36. Daga ciki 18 ba a taɓa buga su ba. Har da Macbeth da Julius Caesar da The Tempest, da kuma Twelfth Night, wanda Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Da mutanen nan biyu sun yi ƙasa a gwiwa, da wuya a ce yau akwai mai karanta su.

Wuta ce ta cinye kasuwar. A gobarar Landan ta 1666 masu shaguna suka kwashe hajarsu suka ɓoye a ɗakin ƙarƙashin majami'ar, suna ganin dutse ba ya ci. Rufi ya rufto, komai ya ƙone. Ginin da muka zaga sabo ne, Christopher Wren ya tsara shi bayan gobarar. Masu littattafai sun sake taruwa a layin Paternoster da ke gefe, sai bama-baman Jamus suka ƙone shi a Disambar 1940.

Da yamma muka wuce babban ɗakin karatu na Birtaniya kusa da tashar St Pancras, inda shiga zauren kayan tarihi kyauta ne. Ana kiyasin an buga kundin 1623 kwafi 750, kusan 235 suka rage a duniya, ga ɗaya a gabanmu cikin gilashi, an rage hasken ɗakin don kada takarda ta lalace. Muka sunkuya muna ƙoƙarin karantawa. Harafin "s" dogo ne kamar "f", an sa "v" inda muke sa "u". Wadda ta fi mu iya Turanci ta yi ta haɗa baƙaƙen kalma ɗaya kamar 'yar aji ɗaya, har mai gadi ya matso ya roƙe mu kada mu jingina da gilashin.