Carbin Kwamfuta

Yau zan ɗan kauce daga hirar littattafai, in taɓo wani darasi da ya daɗe yana burge ni a fannin rubuta manhajar kwamfuta, wato darasin maimaici, wanda masu harkar ke kira lup. Duk wanda ya shiga koyon wannan sana'a, cikin makonnin farko zai ci karo da shi, kuma a ganina daga nan ne mutum yake fara gane abin da ya sa ake jin daɗin kwamfuta, daga nan kuma yake gane haɗarinta.

Kwamfuta dai ba ta da wayo, amma ba ta gajiya. In ka umarce ta da yin abu sau miliyan, za ta yi ba tare da tsaki ko hamma ba. To maimakon ka rubuta umarni ɗaya sau miliyan, sai ka rubuta shi sau ɗaya, ka ce ta yi ta zagayowa kansa. Ko kai mai karatu kana cin moriyar wannan dabara, domin duk sanda ka sa wayarka ta nemo maka sunan jaruma a cikin dogon littafi, bin rubutun take yi daki-daki tana maimaita tambaya guda: shin wannan ne?

Kwanakin baya 'yar ƙanwata, wadda ta fara koyon yaren Python, ta zo mini da aikin gida, an ce su tara lambobi daga 1 zuwa 100. Na tarar ta kai layi na ashirin da wani abu tana ta bugawa ɗaya bayan ɗaya.

"Kawu, yatsuna sun gaji, kuma ko rabi ban kai ba."

Na ce, "'Yata, ɗauko carbin mamanki."

Na tuna mata yadda ake tasbihi bayan salla, kalma ɗaya ce a baki, yatsa ne ke tafiya a kan ƙwayoyi har 33, in ya kai mararraba a tsaya. Abu uku ke nan: wurin farawa, abin da ake maimaitawa, da wurin tsayawa. Sai muka rubuta:

jimla = 0
for lamba in range(1, 101):
    jimla = jimla + lamba
print(jimla)

Kafin ƙiftawar ido 5050 ya bayyana. Ta tambaye ni me ya kawo 101 alhali 100 aka ce. Na ce mata a Python lambar ƙarshe shinge ce, ana tsayawa a bakinta ba a taka ta. Wanda ya sa 100 a wurin, 4950 zai samu, kuma na'urar ba za ta ce masa uffan ba.

Wannan shi ne maimaici mai ƙidaya, wanda ake buɗewa da kalmar for. Akwai na biyu, mai kalmar while, wanda ba ya ƙirga, sharaɗi yake dubawa. Shi ya fi kama da daka. Babu macen da ke ƙirga sau nawa taɓarya ta sauka a turmi, dubawa take yi, muddin gero bai yi laushi ba a ci gaba. To amma a ce an zuba tsakuwa a turmin, aka ba wanda ba ya gajiya kuma ba ya tambaya, yaushe zai ajiye taɓarya?

Kada mai karatu ya ɗauka wasan yara ne wannan. A ranar 31 ga Disamba 2008, masu na'urar sauraron kiɗa ta Zune mai girman gigabait 30, ta kamfanin Microsoft, suka wayi gari na'urorinsu sun sanƙare. Dalili kuwa 'yan layuka ne da ke lissafin kwanan wata. Suna ɗaukar yawan ranaku tun daga 1980, suna cire na shekara ɗaya bayan ɗaya, muddin abin da ya rage ya haura 365. In shekara mai kwana 366 ce, an ce a cire kawai idan ragowar ya wuce 366. To ranar ƙarshe ta 2008 ragowar 366 ne cif, ya haura 365 don haka ba a fita, bai wuce 366 ba don haka ba a cire komai. Na'ura ta yi ta zagaye a wuri ɗaya. Shawarar da kamfanin ya bayar ita ce a bar batir ya mutu, a jira sabuwar shekara ta shigo.

Abin sha'awa, dabarar ta girmi kwamfutar kanta. A 1843 Ada Lovelace, 'yar mawaƙin Ingila Lord Byron, ta tsara matakan lissafi masu maimaita kansu don injin Charles Babbage, injin da har suka bar duniya ba a ƙera shi ba. Yaren FORTRAN na 1957 ya zo da nasa maimaicin, haka ma BASIC na 1964 da aka ƙirƙira don ɗalibai 'yan koyo. Yaruka sun sauya, tambayar tana nan yadda take.

Shi ya sa nake ba duk mai koyo shawara guda: kafin ka rubuta abin da za a maimaita, fara rubuta abin da zai sa a daina. Sannan ka ɗauki biro da takarda ka bi zagayen farko da na ƙarshe da hannunka, domin a waɗannan gaɓoɓi biyu kuskure ya fi ɓuya. Ita na'ura za ta cika umarninka ko da ya kai ta rami, sanin wurin tsayawa kuwa nauyi ne da ke wuyanka kai kaɗai.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin. Sai mun sake haɗuwa.