Ba Girin-girin Ba, Ta Yi Mai: Labarin Motar Edsel

A zauren gidanmu, bayan buhunan hatsi, akwai wani allon kwano da muka jingine fuskarsa na kallon bango. Duk wanda ya juyo shi zai ga sunan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, an rubuta da shuɗin fenti, a ƙarƙashinsa kuma an ce makarantar koyar da darussan yamma ce. Mun kafa allon a shekarar 2014, muka sauke shi a 2016. Tun daga lokacin ba mu yarda a yi mana zancensa ba, har sai ranar da muna kakkaɓe littattafan laburaren makarantar da muke koyarwa muka ci karo da wani tsohon littafi na ɗan jaridar Amurka John Brooks, mai suna Business Adventures, wanda aka buga a 1969. A cikinsa muka karanta labarin wata mota da ake kira Edsel. Mai karatu, ka yi haƙuri mu fara ba ka labarin motar, daga baya ma dawo kan allon.

A tsakiyar shekarun 1950 kamfanin Ford na Amurka yana da wata damuwa guda. Babban abokin hamayyarsa, General Motors, ya jera motocinsa kamar matakala: saurayi ya fara da Chevrolet, in hali ya samu ya hau Pontiac, daga nan Oldsmobile, sai Buick, in ya ƙasaita ya ƙare a Cadillac. Shi kuwa Ford motoci uku gare shi, wato Ford da Mercury da Lincoln. Saboda haka mutumin da ya fara da Ford, da zarar albashinsa ya ƙaru, sau da yawa sai ya tsallaka gidan maƙwabta ya sayi Buick ko Oldsmobile. Shugabannin Ford suka ce ba za su ci gaba da yi wa wani kiwo ba, dole a ƙera sabuwar mota ta masu matsakaicin hali. Aka ware kuɗi kimanin dala miliyan 250, aka damƙa zanen a hannun wani mai suna Roy Brown, aka riƙa kiran motar da harafin E kafin a raɗa mata suna.

To a wajen raɗin sunan ne labarin ya shafi ma'abota alƙalami. A ƙarshen 1955 wani jami'in kamfanin ya rubuta wa Marianne Moore wasiƙa, wadda tana cikin manyan marubuta waƙa na Amurka, kuma ta karɓi kyautar Pulitzer a 1952. Ya roƙe ta ta samo musu suna mai daɗin faɗa wanda zai sa mutum ya ji yana son motar. Baiwar Allah ta ɗauki abin da gaske, ta yi ta aiko da sunaye, wani na dabba, wani na tsuntsu. Na ƙarshen da ta aiko shi ne Utopian Turtletop, wanda in za a kwatanta shi da Hausa sai a ce ƙoƙon kunkurun ƙasar mafarki. Ba a ɗauki ko ɗaya ba. Kamfanin talla na Foote, Cone & Belding kuma ya kawo jerin sunaye 6,000, aka tace, aka sake tacewa, har suka koma 'yan kaɗan. Bayan duk wannan wahala, a wani zaman shugabanni, Ernest Breech wanda ke jagorantar zaman ya duba sunayen bai ga wanda ya yi masa ba, ya ce a kira ta Edsel kawai. Sunayen da suka kai zagayen ƙarshe, wato Ranger da Pacer da Corsair da Citation, sai aka raba wa nau'o'in motar.

Wane ne Edsel? Shi ne ɗa tilo ga Henry Ford, wanda ya kafa kamfanin. Ya shugabanci kamfanin daga 1919 har rasuwarsa a 1943 yana da shekara 49. Mutum ne mai sanyin hali da ido a kan abu mai kyau. A ƙarƙashin kulawarsa aka fito da Lincoln Continental, wadda har yau ake yabon ƙirarta. 'Ya'yansa, ciki har da Henry Ford na biyu wanda ke riƙe da kamfanin a lokacin, da farko ba su so a sa sunan mahaifinsu a jikin mota ba. Daga baya suka amince ba don ransu ya so ba. Aka sanar da sunan ranar 19 ga Nuwamba, 1956.

Daga nan aka shiga kiɗa. Kusan shekara guda ana yayata motar ba tare da an nuna ta ba. A mujallu sai a buga hotonta a lulluɓe, ko a dusashe yadda ba za a gane ta ba. Manyan motocin da ke kai ta wurin dillalai a rufe suke tafiya, dillalan kuma, su kusan 1,200, aka gargaɗe su kada su kuskura su yaye lulluɓin kafin ranar. Aka gaya wa jama'a cewa irin wannan mota ba a taɓa yi ba. Ranar 4 ga Satumba, 1957, aka buɗe ƙofofi, mutane fiye da miliyan biyu suka yi tururuwa zuwa kallo. A watan Oktoba kuma aka shirya mata wasa na musamman a talabijin, da manyan mawaƙa irin su Bing Crosby da Frank Sinatra da Louis Armstrong.

Gani ya kori ji. Da aka yaye mayafi, abin da jama'a suka tarar mota ce kamar sauran motoci: taya huɗu, inji mai shan mai, jiki kuma na Ford ne ko na Mercury aka yi wa kwalliya. Abin da ya bambanta ta shi ne hancinta. Sauran motoci ragar gabansu a kwance take, ita kuwa tata a tsaye take, doguwa mai siffar ƙwai. Nan take masu barkwanci suka ce ƙawanyar wuyan dokin da ke jan keke ce, wasu suka ce Oldsmobile ce take tsotson lemon tsami. Wani sabon abu da aka yi alfahari da shi shi ne maɓallan sa giya da aka dasa a tsakiyar sitiyari, daidai inda direba ya saba danna ham. Ga shi kuma suna yawan lalacewa, makanikai ba su saba da su ba.

Bugu da ƙari, ba a gina wa Edsel masana'antarta ba. A layin da ake harhaɗa Ford da Mercury nan ake cusa ta, ma'aikacin da ya saba da kayan wata mota sai ga baƙuwa ta iso gabansa da nata kusoshi da nata wayoyi, lokaci kuma ba a ƙara masa ba. Sakamakon haka wasu motocin suka isa wurin dillalai mai na yoyo, ƙofa ba ta rufuwa, wasu ma da ragowar kayan da ba a ɗaura ba a cikin but. Farashinta kuma, daga kimanin dala 2,500 zuwa 3,800, ya shiga cikin na Ford ta ƙasa, ya shiga cikin na Mercury ta sama, har mai saye ya rasa gane ko ita wace ce a gidan.

Sannan zamani ma ya juya mata baya. An tsara motar a 1955 lokacin da kasuwa ke ci, ta fito a ƙarshen 1957 lokacin da tattalin arzikin Amurka ya shiga matsi. Mutane suka koma neman ƙananan motoci masu tsimin mai, irin su Rambler da kuma Volkswagen ɗin nan da muke kira Bitil. An yi lissafin sayar da Edsel 200,000 a shekarar farko, aka sayar da kimanin 63,000. A cikin gida ma ba ta da gata, domin Robert McNamara, wanda daga baya ya zama sakataren tsaron Amurka a 1961, yana cikin manyan kamfanin, kuma shi ƙaramar mota mai araha ya fi so. Aka rage nau'o'inta a 1959, aka cire hancin nan a ƙirar 1960, duk a banza. Ranar 19 ga Nuwamba, 1959, shekara uku cif da raɗa suna, aka sanar da daina ƙera ta. Duka-duka abin da aka ƙera bai wuce 118,000 da 'yan kai ba, asarar kuwa an ƙiyasta ta da dala miliyan 350. Tun daga nan, in Ba'amurke ya ce abu ya zama Edsel, yana nufin an yi ta kururuwa an tashi a tutar babu. Mutumin da ya rasu shekara 14 kafin motar ta fito, wanda bai zana ko madubinta ba, shi sunansa ya ɗauki kunyar.

A nan muka rufe littafin muka yi tagumi, domin kuwa allonmu muka gani. Mu ma mun hango giɓi na gaske: yara suna faɗuwa jarrabawar kammala sakandare a Turanci da Lissafi, iyaye suna neman inda za a ƙara musu karatu. Muka ci bashi, muka buga takardun talla, muka ɗauki mai shela ya zaga unguwanni da lasifika wata guda cur. Muka yi alkawarin da yanzu in muka tuna sai mu rufe fuska, cewa duk yaron da ya zauna da mu zai ci jarrabawa. Da aka zo sa suna, yayarmu ta ce, "Malam, ka bar sunan Baba ya huta, ka fara ganin yadda abin zai kasance." Muka ce ai girmamawa ce. Ranar buɗewa har kujeru suka yi kaɗan.

Amma azuzuwan aro ne, malaman ma aro ne, abokan aikinmu ne da suka wuni suna fama da aji mai ɗalibi fiye da kima, mu ce su dawo ƙarfe huɗu su sake tsayawa gaban allo. Wata rana malamin Lissafi ya zo, wata rana ya aiko cewa ya gaji. Abin da muke koyarwa da yamma shi ne wanda aka koyar da safe, kuɗinmu kuma ya fi ƙarfin talaka, bai kai ya burge mai hali ba. Shekarar ta biyu rayuwa ta yi tsada, iyaye suka fara janye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Da sakamako ya fito aka tarar yaranmu ba su fi na kowa ba. Bashin mun biya shi a hankali daga albashi. Abin da ya ƙi biyuwa shi ne ranar da muka ji wata mata a bakin famfo tana gaya wa 'yar'uwarta kada ta kai ɗanta makarantar wane, ta ambaci sunan mahaifinmu, ta ce cin kuɗi ne kawai. Mutumin da ya yi shekaru yana auna hatsi a kasuwa ba a taɓa cewa ya tauye mudu ba.

Shekaru muna ɗora laifin a kan tsadar rayuwa, kamar yadda wasu mutanen Ford suka ɗora nasu a kan matsin 1958. Gaskiya ne matsin ya taimaka, to amma a cikin matsin nan Rambler ta yi ciniki. Edsel ba ita ce mafi munin motar zamaninta ba, makarantarmu ma ba ita ce mafi lalacewa a gari ba. Abin da ya kayar da su biyun shi ne tazarar da ke tsakanin abin da aka faɗa da abin da aka kawo. Da an fito da motar shiru aka ce ga wata sabuwar Ford, da mai saye ya auna ta da sauran motoci. Da yake an ce masa abin al'ajabi ne, sai ya auna ta da mafarkinsa, babu kuwa ƙarfen da zai yi nauyin mafarki. 'Yan'uwa masu shirin fitar da littafi, da ku da mai buɗe shago duk hanya ɗaya ce: a gama aiki tukuna, a ba wanda ba ya jin kunyarka ya duba, sannan a kira maroƙi. Sunan da ba kai ka gina shi ba kuwa, kada ka kai shi jingina.

Saura abu ɗaya da ya sa muka iya rubuta wannan. Roy Brown, wanda ya zana hancin da duniya ta yi wa dariya, bai ajiye fensirinsa ba. An tura shi reshen kamfanin na Ingila, a can ya jagoranci zanen Ford Cortina da ta fito a 1962, motar da ta yi farin jini ƙwarai, har dattawanmu sun san ta a titunan nan. Ya rasu a 2013 yana da shekara 96, kuma har cikin tsufansa yana tuƙa Edsel ɗinsa ba ya ɓoye ta. Yau kuma 'yan tsirarun da suka rage masu tara tsofaffin motoci ne ke nemansu da tsada.

Mu ma yanzu duk ranar Asabar yara takwas suna zuwa zaurenmu mu yi Turanci a kan tabarma. Babu shela, babu alkawari, ba mu kuma sa wa abin suna ba. Kwanan baya ɗaya daga cikinsu ya leƙa bayan buhuna ya ce, "Malam, wannan allon na mene ne?" Muka ce ya juyo shi ya karanta mana da ƙarfi, in ya gama kuma ya zauna, akwai labarin wata mota da za mu ba su.