Wasiƙa Daga Landan: Babur Ɗina Da Maganin Fizgarsa

Ku yafe mini shirun kwana biyu, babi na uku na kundin bincikena ne ya riƙe mini wuya.

Tun da na sa hoton babur ɗina a wannan shafi saƙonni suka yi ta shigowa. Hajiya ta aiko a tambaye ni, wai karatu aka tura ni ko acaɓa? Yaya kuma, da yake bakanike ne, tambayarsa daban: wace na'ura ce na ce na ɗaura masa, me kuma take yi? To yau ga amsa.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, sauƙi na nema. Daga inda nake zaune zuwa jami'a akwai nisa, ga ɗan aikin da nake yi da yamma cikin awa 20 ɗin da bizar ɗalibi ta yarda da su a mako. Babur ba ya biyan kuɗin cunkoso na tsakiyar gari. Amma akwai kuɗin hayaƙi, wanda tun Agustan 2023 ya game dukkan Landan: duk babur ɗin da bai kai ma'aunin Euro 3 ba, fam 12.50 zai biya kullum ya fito. Shi ya sa na nemi Suzuki SV650 ƙirar 2008 na hannu, wanda ya tsallake wannan.

Babur lafiyayye ne. Sai dai wanda ya sayar mini ya cire salansar asali ya sa wata mai buɗaɗɗen baki, ya kuma canza iyakilina. Gyaran ke nan, ba a taɓa cikin inji ba. Amma in na saki totur sai ya riƙa harbi, tau-tau-tau, kamar bindigar 'yan tauri. In kuma ina tafiya a hankali sai ya riƙa fizga. Ku sani yawancin titunan tsakiyar Landan mil 20 a awa ake gudu, wato rabin rayuwata a giya ta biyu take. Wata safiya ana yayyafi, na shiga shataletale, na ɗan murɗa totur, sai ya fizge ni, tayar baya ta zame. Allah ne Ya tsare, ƙafa na kafa, ga bas ja a bayana. Ranar na ce lallai sai an nemo magani.

Yaya, da a Kano ne, na san sukudireba za ka ɗauko ka murɗa kafireta, kana sauraro da kunne, kamar yadda kake yi wa Jincheng da Boxer. To wannan ba shi da kafireta. Injekta ke gare shi, kuma ƙwaƙwalwa ce, wadda kuke ce wa birenbos, ke auna man da za a fesa. Fetur yana ƙonewa tsaf idan an haɗa kashi 14.7 na iska da kashi 1 na mai, a nauyi. Dokar hayaƙi ta sa kamfanoni suna tsuke mai kusa da wannan ma'auni, alhali inji ya fi ƙarfi da laushi a wajen kashi 13. To in aka buɗe salansa da iyakilina, iska ta ƙaru a kan ɗan man da da ma an tsuke. Tuwo ya yi yawa, miya ta yi kaɗan.

Sai na shiga bincike, har da zuwa Ace Cafe da ke kan titin North Circular, matattarar masu babura da aka fara buɗewa a 1938. A can in ka yi tambaya ɗaya, amsa goma za ka samu. Da na tace, hanyoyi uku ne.

Ta farko, Power Commander na kamfanin Dynojet na Amurka. Akwati ne da ake sa shi tsakanin ƙwaƙwalwa da injekta, ya ba ka ikon ƙara mai ko rage shi a kowane mataki na totur da juyawar inji. Kuɗinsa ya haura fam 300, kuma in ana son cin moriyarsa sosai sai an hau da babur kan na'urar gwaji mai birgima, gwani ya daidaita shi, wannan ma da kuɗinsa. Ta biyu, a sake rubuta lissafin da ke cikin ƙwaƙwalwar kanta. Aiki ne mai tsabta, amma ba abin da zan iya warwarewa da hannuna in na tashi sayar da babur. Ta uku, ƙananan na'urori na jona-ka-tafi. Akwai Rapid Bike Easy na Italiya, mai gyara saƙon sansar da ke shaƙar hayaƙi a cikin salansa. Akwai BoosterPlug na Denmak, wanda ke sa ƙwaƙwalwa ta ɗauka iska ta fi sanyi da digiri 20. Iska mai sanyi ta fi nauyi, don haka sai ta ƙara mai, kamar kashi 6 cikin 100 a faɗar masu shi.

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta so babban akwatin. Har na fara lissafin taɓa kuɗin da na ware na makarantar ƙannena, ina cewa zan mayar wata mai zuwa. Wani dattijon bakanike ne a unguwarmu ya dawo da ni hanya. Ya tambaye ni ko tsere nake zuwa, na ce a'a, ɗakin karatu nake zuwa. Ya yi dariya, ya tsuguna, ya kai hannu kusa da mahaɗar salansa, sai ga iska tana tsiyaya. Ya canza gasket ya ɗaure, harbin nan ya ragu sosai. Ya ce sauran ma ba ciwo ba ne, domin babur ɗin da kansa yana tura iska cikin salansa don ƙone ragowar mai. Fizgar ce kaɗai ke buƙatar ƙarin mai, kuma kaɗan.

Sai na ɗauki ƙaramar, mai yaudarar sansar iska, bai kai fam 200 ba. Na ɗaga tanki, na zare filogi ɗaya, na jona, kafin shayina ya huce an gama. Gaskiyar magana, bai ƙara wa babur gudu ba, kuma in ana tafiya a miƙe sansar hayaƙi tana mayar da man ma'auninta na da. Amma lokacin murɗa totur daga ƙasa, inda ya kusa kayar da ni, yanzu lumui yake tashi. Abin da na fito nema ke nan.

Abu biyu ga duk wanda zai zo nan ya sayi babur. Duk gyaran da ka yi, ko salansa ko na'ura, ka faɗa wa kamfanin inshora, in ba haka ba ranar tsautsayi suna iya ƙin biya. Na faɗa, sun ɗan ƙara mini kuɗi, na biya ina ƙunƙuni. Na biyu, salansar da aka buga wa tambarin cewa ba ta hawa titi ba ce, ba za ta ci gwajin MOT na shekara-shekara ba. Na kuma mayar da toshiyar bakin tawa, saboda maƙwabciyata tsohuwa ce, ni kuma ina fita da asuba.

Kuɗin makarantar yara ya tafi cif-cif ranar Litinin, Yaya ka duba. Hajiya, hular kwano ba ta barin kaina, a ci gaba da sa mu a addu'a. A gaishe da kowa da kowa, har da masu cewa na zama ɗan acaɓan Ingila.

Sai wasiƙa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Naku, ɗan uwanku na Landan.