Ƙafar Da Ta Karye A Kafanchan

A wani gida da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan akwai wani saurayi ɗan ƙwallo wanda ya karye a ƙafa ana tsakiyar wasa. Likita ya ɗaure ƙafar, ya ce kada ya taɓa ƙwallo sai bayan wata shida. Amma tun ba a cika wata uku ba yaron ya soma goge takalmansa, don kuwa ya ji an ba wani gurbinsa.

Kawunsa, tsohon ma'aikacin reluwe, ya lura da haka. Ran nan da maraice ya zaunar da shi, ya ba shi labarin wasan hoki na kan ƙanƙara, wanda ake yi a Kanada da Amurka. 'Yan wasan kan sa takalma masu ƙarfe mai kaifi a ƙasa, suna sulɓi a guje, suna bugun wani ɗan faifan roba da sanda.

Ran 22 ga watan Maris 1989, a birnin Buffalo, ƙarfen takalmin wani ɗan wasa ya yanke wa mai tsaron gida Clint Malarchuk jijiyar wuya. Jim Pizzutelli, mai kula da lafiyar 'yan wasan, wanda ya taɓa jinyar sojoji a yaƙin Biyetnam, shi ya danne jijiyar har likitoci suka iso. Aka yi masa ɗinki wajen 300. Bayan kwana goma kacal sai ga shi a fili, jama'a na ta tafi. To, amma firgicin bai bar shi ba. Ya yi shekaru yana fama da munanan mafarkai da shaye-shaye, har a 2008 ya nemi halaka kansa, Allah ya yi da sauran kwana.

Sa'an nan ga Sidney Crosby na ƙungiyar Pittsburgh. An buge shi a ka ran 1 ga Janairu 2011, ya ci gaba da wasa, bayan kwana huɗu aka sake bugunsa. Wannan ya sa ya yi fiye da wata goma a gida. Ya dawo a watan Nuwamba, ciwon ya sake tashi, ya koma ya jira har watan Maris 2012. Daga baya ya jagoranci ƙungiyarsa suka ci Kofin Stanley a 2016 da 2017.

Yaron ya ce, "Kawu, ai kafin wata shida an manta da ni."

Tsohon ya ce, "Ɗana, garaje ba ƙarfi ba ne. Na yi shekara talatin a reluwe, ban taɓa ganin an saki jirgi a kan dogon da ba a gama ɗaurewa ba. Gurbi kana iya sake samu, amma wa zai ba ka wata ƙafa?"

Yaron ya yi shiru. Kashegari kawun ya ga takalman a rataye jikin ƙusa, yaron kuwa yana dogara sanda a tsakar gida, yana ƙirga takun da likita ya yanka masa.