Ƙadangaren Katangar Gidanmu

Na tashi a Unguwar Rogo cikin birnin Sakkwato, a wani gida na ginin ƙasa wanda katangarsa ta gabas ke fara karɓar rana. Kowace hantsi wani jan gwada kan hau katangar nan ya baje, matansa uku ko huɗu na kewaye da shi. Mu yara ba mu ɗauke su komai ba illa abin gwada saitin danƙo.

Wata rana a farkon damina na harbo wata mace. Da ta faɗo sai cikinta ya fashe, ƙwai farare suka zubo. Kakata ta dube ni ta ce, "Maigida, mi tay yi maka?" Na rasa amsa. Ba ta doke ni ba, amma tambayar nan ta fi bulala zafi. Tun daga ranar na ajiye danƙo, na koma kallon katanga.

A nan na lura cewa jan kan namiji ba dawwamamme ba ne. Da sanyin safiya, musamman cikin hunturu, launinsa a dushe yake. Sai rana ta ɗumama jininsa kan ya yi ja, jiki ya yi shuɗi-shuɗi. Da tsakar ranar bazara kuwa, lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40, inuwa yake nema kamar kowa. Gyaɗa kai da ɗaga ƙirjin da muke yi wa dariya gargaɗi ne ga duk namijin da ya kusanci iyakarsa, kuma tallan kai ne ga mata.

Daga baya karatu ya ƙara mini haske. Tun 1758 masanin nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya shigar da wannan halitta cikin jerinsa, kuma masana na kiran danginta Agama. Abincinta tururuwa da gara da fara da sauran ƙwari. Macen kan tona rami a ƙasa mai laima, ta zuba ƙwai biyar zuwa bakwai, ta rufe ta tafi. Ɗumin ƙasa ke ƙyanƙyashe su cikin kamar wata biyu. Ashe da dutse guda na hallaka masu gadin azarar ɗakinmu tun ba su zo duniya ba.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kamar dai shi ne mai laifi. Yau an rushe katangarmu an yi ta bulo, an dafe tsakar gida da siminti, babu tsaga babu wurin tona rami. Da na ziyarci gida na daɗe zaune da hantsi kafin na hango jan gwada ɗaya tak. Ɗan ƙanena ya ɗauki dutse. Na riƙe hannunsa, na yi masa tambayar da kakata ta yi mini.