Rasiɗin Shayi

Shekara uku ke nan ina aikin sa-kai a reshen ƙungiyarmu ta masu binciken kuɗi na cikin gida, kuma in za a faɗi gaskiya, ba neman lada ya kai ni ba, illa dai sa'o'i 40 na ƙarin ilimi waɗanda uwar ƙungiya, wadda aka kafa a birnin Niyok na Amurka a 1941, ta wajabta wa mai riƙe da shahadarta ya cika kowace shekara.

Aikin da aka fara damƙa mini bai wuce jera kujeru da sayen shayi da burodi ba. Na raina shi ƙwarai, har ranar da wani dattijo daga cikinmu, wanda ya fara aiki tun yana yaron ma'aji, ya ce in kawo masa rasiɗai. Ya gyara tabarau, ya shimfiɗa su bisa tebur ɗaya bayan ɗaya, yana lasar yatsa, har ya tsaya kan wani da ruwan shayi ya cinye adadinsa, ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa ya shaida wannan?"

Ba wanda ya shaida. Ni da nake titsiye ma'aikata a ofis kan hujja da amana, sai ga ni ina kame-kame a kan kuɗin madara.

Tun daga ranar nake zuwa da wuri, in zauna kusa da shi kafin a buɗe majalisi da addu'a.