Muryar Da Dutsen Niƙa Ya Haɗiye

Akwai wani saurayi ɗan Gude, cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu a Jihar Adamawa, wanda yake riƙe da wani ɗan guntun sauti na minti uku tun shekarar 2014. Wayarsa ta lalace ya sake wata har sau huɗu, amma kowace sabuwa ya saya, abin da yake fara juyawa a ciki ke nan. Wanda ya saurara ba zai ji kome ba sai gurzar dutse da hucin iska da rurin janareto daga maƙwabta. Sai mutum ya kasa kunne ƙwarai, sa'an nan zai tsinkayi wata 'yar siririyar murya can ƙasa, tana tasowa tana nitsewa. Muryar kakarsa ce.

Ita tsohuwar nan ba ta yarda da injin niƙa ba, ta ce garinsa ƙaurin ƙarfe yake yi. Saboda haka kullum da la'asar takan durƙusa a gaban dutsenta tana niƙa dawa, tana rera waƙa da harshen Gude. Shi kuwa jikan nata a cikin garin Mubi ya tashi, Hausa da Fulatanci sun fi zama a bakinsa, harshen kakanninsa kuma tsinta-tsinta yake yi. Wata rana da damina, yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya kai mata ziyara, waƙar ta shiga ransa, sai ya ciro waya ya ɗora a gefen dutsen ya ce, "Kaka, ki ƙara yi mini ta ɗazun nan." Ta yi dariya ta ce, "Kai dai maigidan banza ne, ba cefane sai sa aiki." Ta kuwa maimaita masa tun daga farko har ƙarshe.

Da dare ya kunna, ya ji dutse ya haɗiye waƙar. Bai damu ba, ya ce a ransa gobe ma rana ce, in an yi hutu ya koma ya sake ɗauka. Ran 29 ga Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, gari ya watse, waɗansu suka nufi Yola, waɗansu suka bi duwatsu zuwa Kamaru. A kafaɗa aka ɗauki tsohuwar aka haura da ita. Cikin watan Nuwamba aka ƙwato garin, jama'a suka fara komowa, amma ita ba ta komo ba, domin wahalar hanya ta kwantar da ita, aka binne ta a can ƙetaren iyaka.

To, daga nan ne minti ukun nan suka zama dukiya. Ya yi ta yawo da su wurin masu tura waƙoƙi a kasuwa, kowa ya saurara sai ya girgiza kai. A Yola aka haɗa shi da wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin rediyo. Dattijon ya saurara sau biyu, sa'an nan ya ce, "Yaro, wayar ba ta cuce ka ba, abin da ka ba ta shi ta karɓa. Ka ɗora ta a kan dutse, sai ta ji dutse. Da ka riƙe ta taƙi ɗaya daga bakin tsohuwar, ka juya wa iska baya, da yanzu kakarka tana nan tana magana da kai." Ya bayyana masa cewa a fili, duk lokacin da aka ninka nisa tsakanin makirfo da mai magana, ƙarfin muryar yakan ragu da kimanin desibel 6, saboda haka abin da ya fi kusa shi ne yake cin sarauta. Ya ƙara da cewa in ƙara ta fi ƙarfin na'ura, sai saman sautin ya yanke, kuma abin da ya yanke ya tafi ke nan.

Saurayin ya fito yana mamakin yadda taƙi ɗaya tak ya raba shi da muryar kakarsa. A ranar ya ƙudura cewa sai ya koyi aikin nan tun daga tushensa.

Sai dai mahaifinsa, wanda yake dillancin shanu a kasuwar Mubi, bai ji daɗin maganar ba ko kaɗan. Ya ce, "A gidan nan ba a taɓa haihuwar maroƙi ba, kuma ba a kanka za a fara ba." Ɗan ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ni ba waƙa zan yi ba, ba kuma roƙo zan yi ba. Aikin na'ura ne, irin wanda ake yi a gidan rediyo." Aka daɗe ana ja, har dangi suka sa baki, aka tsaya a kan cewa ya fara yin karatun lantarki a Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Mubi, in ya gama ya nemi abin da yake so. Daga baya ya gode wa tsohon, domin wanda bai san yadda wuta take tafiya cikin waya ba, ba zai gane dalilin da ya sa lasifika take gunji ba, balle ya yi maganinsa.

Da ya sami difloma sai ya nufi Kano, inda ɗakunan ɗaukar waƙa suka yi yawa a wajen titin Gidan Zoo. Tun da aka fitar da fim ɗin Turmin Danya cikin 1990 sana'ar fim ta kafu a birnin, kuma kafin ƙarshen shekarun nan goma fiyanon Yamaha ya shiga ɗakunan kiɗa. Fim ɗin Sangaya na 1999 ya nuna wa 'yan kasuwa cewa waƙa ita ce take sayar da kaset. Daga nan mutum ɗaya da fiyano ɗaya ya tsaya a madadin makaɗan kalangu da masu algaita da masu ƙwarya. Kwamfuta kuma ta zo da manhajoji irin su FL Studio, da Auto-Tune wadda aka fitar a Amurka cikin 1997, mai miƙe muryar da ta karkace. Aiki ya yi sauƙi, ya yi arha, samari da yawa suka sami abinci, wannan kuwa ba abin rainawa ba ne.

Maigidan da ya karɓe shi bai bar shi ya taɓa kwamfuta ba sai bayan wata uku. Aikinsa naɗe wayoyi da share ƙura da saurare. Yakan sa shi ya tafa hannu a tsakiyar ɗaki, ya tambaye shi, "Me ka ji?" In ya ce tafi ya ji, sai maigidan ya ce, "Sake. Ɗakin ma yana magana." A hankali ya gane cewa sauti girgizar iska ce, tana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya, in ta bugi bangon siminti sai ta komo ta cakuɗe da ta asali. Ya koyi cewa kunnen yaro mai lafiya yana kama girgiza daga 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, tsufa da yawan ƙara kuma suna cinye na saman, shi ya sa wanda ya saba zama cikin ƙarar da ta wuce desibel 85 yini guda yake kashe jarinsa da hannunsa. Ya gane kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya hana ƙarar titi shigowa, kauri da nauyi da toshe kafa su ne suke hanawa. Ya san makirfo mai jure duka wanda ake kai wa bakin ganga, da mai laushin ji wanda yake kama har numfashi.

Ya kuma koyi ƙirƙirar sauti don fim da wasan kwaikwayo, wato yadda ake kifa ƙoƙo biyu a kan yashi a sami sukuwar doki, ko a murza leda a sami ƙarar wuta tana cin kara. Turawa suna kiran wannan aiki da sunan Jack Foley, wani ma'aikacin kamfanin fim na Universal a Amurka da ya shahara a kansa.

Amma wani abu ya riƙa damunsa. Ya lura yawancin yaran da suke shiga sana'ar, danna maɓalli suka iya, ba su taɓa ɗaukar kiɗa mai rai ba. Wata rana wani makaɗin kalangu ya zo da yaransa, aka rasa mai iya jera musu makirfo, sai wani ya ce ai a sallame su, akwai kalangu a cikin fiyano. Alhali kuwa kalangun gaske magana yake yi, makaɗi yana matse tsarkiya a hammata yana sassautawa, amo yana hawa yana sauka bisa karin harshen Hausa. Na cikin fiyano kuwa bugu ɗaya ne aka ɗauka ake ta maimaitawa. In aka ce kowane ɗaki da irin wannan zai yi aiki, ba abin mamaki ba ne waƙar Kano da ta Yola da ta Maraɗi su fito kamar uwa ɗaya ta haife su.

Mai karatu ya tuna, Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu cikin 1991, Alhaji Mamman Shata cikin 1999, Barmani Coge cikin 2013, Ɗan Maraya Jos cikin 2015, amma har gobe ana jin su kamar suna zaune a zaure. Dalili shi ne waɗansu ma'aikata da ba a san sunayensu ba, a gidan rediyon Kaduna da aka buɗe cikin 1962 da sauran wurare, sun san inda za su tsayar da makirfo. Hausa ta yi sa'a ta wannan fuska. Ƙananan harsuna irin na Gude, wanda yake ɗan'uwan Hausa ne na nesa cikin dangin harsunan Chadi, ba su sami rabo kamar haka ba. Wani masani, James Hoskison, ya rubuta nahawu da ƙamus na harshen cikin 1983 a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, aiki mai daraja ƙwarai. Sai dai takarda kalma take riƙewa, ba ta riƙe rawar muryar tsohuwa a bakin dutse.

Bayan shekara huɗu saurayin ya koma gida ya buɗe ɗan ɗakinsa. Abincinsa yana fitowa daga waƙoƙin biki da tallan 'yan kasuwa da na ƙungiyoyin addini. Amma ranar da babu aiki yakan rataya rikoda ya hau babur ya shiga ƙauyukan gindin duwatsun Mandara, yana neman tsofaffi masu waƙar niƙa da ta noma da masu busa ƙaho. Yakan nemi izini tukuna, ya rubuta sunan mai waƙa da garinsa da ranar ɗauka, ya ajiye kwafi a wuri biyu, ya kuma bar wa iyalin nasu. Masu waƙar niƙa sun yi ƙaranci, gama injin da ya hutar da mata shi ne ya kashe waƙar. Mahaifinsa, wanda dā ya ƙi, shi ne ya kai shi wurin wata gwaggonsa da ta san baitocin da tsohuwar take yi. Da aka kunna masa abin da aka ɗauka, ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ka juya mini a wayata."

Minti ukun nan kuwa, ya gwada su da sababbin manhajoji masu raba murya da hayaniya. Sun rage gurzar dutsen, amma inda muryar ta nitse sai suka cike gurbin da wata murya mai santsi wadda ba ta kakarsa ba. Ya goge, ya riƙe na asali.

Saboda haka samarin da suke sha'awar wannan sana'a su sani cewa sayen kwamfuta ba shi ne koyo ba. A nemi ilmin wurin masu shi, ko a ɗakunan ƙwararru ko a makarantu irin su Cibiyar Koyar da Shirya Fim ta Ƙasa da Kwalejin Talabijin ta NTA, dukansu a Jos. Ya kamata kuma kwalejojin fasaha da jami'o'in Arewa su ba ɗaukar sauti matsayinsa na fanni mai zaman kansa, hukumomin al'adu na jihohi su tanadi ma'ajiya inda za a adana abin da aka ɗauko. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Wanda yake da tsohuwa mai waƙa a gida kada ya jira hutu, ya ɗauke ta yau, ya kuma riƙe wayar taƙi ɗaya daga bakinta. Allah Ya sa a dace.